Ko Kimiyya Takan Sake Magana? Amsa Ga Wani Ɗalibi Da Ya Kasa Barci

Karatu: Zabura 102 da Ibraniyawa 1:10-12

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar ganewa.

Yau ba zan bi tsarin da muka saba ba. Wata wasiƙa ce ta zo hannuna mako uku da suka wuce, tun daga ran nan kuwa ba ta fita raina ba. Wani saurayi ne ya rubuto, yana aji biyu a jami'a, yana karatun kimiyya. Ya roƙe ni kada in faɗi sunansa ko garinsu, na kuwa yi masa alkawari. Amma ya yarda in karanta muku wasiƙar, ko akwai wani mai irin ciwonsa. Ga abin da ya ce:

"Baba Fasto, gaisuwa mai yawa da ladabi. Baba, ni yaron ikkilisiya ne, an yi mini baftisma ina da shekara 15, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa. Bara aka koya mana cewa sammai da taurari duka sun faro ne daga wata babbar fashewa, shekara biliyan 13 da ɗoriya da suka wuce. Wannan bai dame ni sosai ba. Ƙarshen labarin ne ya kama ni. An ce rana za ta ƙare, taurari za su mutu ɗaya bayan ɗaya, kome zai yi ta nisa da ɗan'uwansa har ya zama ba abin da ya rage sai duhu da sanyi. Tun daga ranar, in na kwanta sai ƙirjina ya riƙa bugawa. Nakan ɗauki waya in yi ta nema har asuba, ko zan ga inda aka ce masana sun gano kuskure suka yi. In na sami wanda ya ce haka sai in ji sauƙi kwana biyu, sa'an nan in karanta amsar da aka ba shi, in koma gidan jiya. Abinci ba ya yi mini daɗi. Na daina zuwa koyon waƙa domin ina jin kamar munafunci nake yi. Ban gaya wa kowa a gida ba. Mahaifiyata da kuɗin ƙosai take biya mini makaranta, in ta ji inda boko ya kai ni zuciyarta za ta karye. Baba, tambayata ɗaya ce. Kimiyya takan sake magana? Akwai bege wata rana a ce wannan abu ba haka yake ba?"

Ɗana, in kana saurarona, na gode da ka rubuto. Matambayi ba ya ɓata. Kai ba munafuki ba ne, gama munafuki ba ya rasa barci saboda gaskiya. Kafin in taɓa tambayarka, ina so ka buɗe Zabura ta 102 ka dubi mutumin da ya yi wannan addu'a. A aya ta 4 ya ce har cin abinci yakan manta. A aya ta 7 yana kwance ido biyu, ya kamanta kansa da ɗan tsuntsun da ya rage shi kaɗai bisa rufin ɗaki. Ka ga ashe ba kai ne farkon mai bi da ya kwana yana juyi a kan tabarma ba. Allah kuwa bai ji kunyar sa addu'ar irin wannan mutum cikin Littafinsa ba. Za mu komo wurinsa kafin mu rufe.

Yanzu ga amsar tambayarka. I, kimiyya takan sake magana, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bari in fara da abin da ya faru a jikina. Sa'ad da nake kwalejin tauhidi gyambon ciki ya kama ni. Abin da kowa ya gaya mini a lokacin shi ne yawan tunani da cin yaji ke kawo shi. Aka hana ni barkono, aka ce in riƙa shan madara, in rage damuwa. Na yi shekaru ina fama. Ashe tun 1982 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, sun gano wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbin masu gyambo. Manyan likitoci suka ƙi yarda, suka ce ba ƙwayar da za ta iya rayuwa a cikin ruwan tumbi mai tsami haka. A 1984 Marshall ya dama ƙwayoyin ya shanye, cikin 'yan kwanaki cikinsa ya kamu. Sannu a hankali aka yi ta gwaji a ƙasashe dabam dabam, aka ga gaskiyarsu. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ni kuma da aka auna ni daga baya aka sami ƙwayar, aka ba ni maganin mako biyu, yau ga ni ina cin yajina. Littattafan likitanci sun sake, na kuwa gode wa Allah da suka sake.

Wannan ilimi na sammai da ya hana ka barci, shi ma ya sha sakewa. Shekara ɗari da suka wuce yawancin masana suna ganin sararin sama a tsaye yake, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ba shi da mafari. Har Albert Einstein haka ya ɗauka da fari. Sai a 1927 wani malamin lissafi a ƙasar Beljiyam, mai suna Georges Lemaitre, ya nuna da lissafi cewa sararin yana buɗewa ne. Wannan mutum kuwa firist ne na ɗariƙar Katolika, an naɗa shi a 1923, bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Einstein ya duba aikinsa, ya yarda lissafin daidai ne, amma ya ƙi karɓar abin da lissafin ya nuna. A 1929 Edwin Hubble a Amurka, da babban madubin hangen nesa, ya auna garkunan taurari masu nisa, ya ga suna gudu daga gare mu, wanda ya fi nisa ya fi sauri. A 1931 Lemaitre ya ƙara taku ɗaya. Ya ce in abu yana buɗewa yau, to jiya ya fi haka matsuwa, in kuwa aka yi ta komawa baya za a kai lokacin da kome yake dunƙule wuri guda. Watau akwai mafari.

Da yawa ba su ji daɗin wannan ba. Waɗansu ma sun yi zargin firist ne yake neman shigo da Littafin Farawa ta bayan gida. A 1948 Fred Hoyle na Ingila da abokansa biyu suka kawo nasu bayani, cewa sararin sama ba shi da mafari, ba shi da ƙarshe. Hoyle ɗin nan ne ma, cikin wani jawabi da ya yi a rediyon BBC a 1949, ya laƙaba wa ra'ayin da yake gāba da shi sunan da ake kiransa da shi har yau, watau babbar fashewa. Aka yi shekara goma sha biyar ana ja-in-ja.

Abin da ya raba gardamar ya zo ta inda ba a zata ba. A 1964 waɗansu mutum biyu a Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson, suna aiki da wata babbar eriya, sai suka yi ta jin wani ƙugi maras ƙarfi, irin wanda kukan ji in rediyo ta faɗa tsakanin tasha da tasha. Suka juya eriyar gabas, yana nan. Suka juya ta yamma, yana nan, dare da rana. Suka ga tantabaru sun yi sheƙa a ciki, suka kore su, suka share kashinsu, ƙugin bai tafi ba. Daga baya aka gane sauran zafin farkon halitta ne, wanda masu ra'ayin mafari suka riga suka ce ya kamata a same shi ko'ina a sararin sama. Aka buga labarin a 1965. Lemaitre ya ji shi kafin ya rasu a 1966. Hoyle kuwa har ya mutu a 2001 bai yarda ba, amma sauran masana suka bi shaida suka bar shi.

Ƙarshen labarin ma, wanda ya fi damunka, ya sake a zamanina. Ina saurayi, masana da yawa suna tsammani buɗewar nan tana rage sauri, waɗansu har suna cewa wata rana kome zai komo ya dunƙule. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masu bincike suka auna hasken taurari masu fashewa a nesa, suka tarar buɗewar ƙara sauri take yi. Su kansu sun yi mamaki. Aka ba uku daga cikinsu lambar Nobel a 2011. Daga nan ne wannan labari na duhu da sanyi ya ƙara ƙarfi. Abin da ke tura sararin kuwa, wanda suka ce ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na dukan abin da ke akwai, sun ba shi suna kawai, suna kiransa ƙarfi mai duhu, domin ba su san ainihinsa ba. A 2024 da 2025 kuma waɗansu masu bincike da ke aiki da wani madubi a jihar Arizona ta Amurka suka fitar da awo da ke nuna mai yiwuwa ƙarfin nan yana raguwa. Su da kansu sun ce sai an ƙara awo kafin a yanke magana.

To ɗana, na san a nan zuciyarka ta fara cewa madalla, ashe za a rushe abin. Dakata tukuna. Da ina so in sallame ka da magana mai daɗi kawai, da a nan zan tsaya in yi addu'a. Amma in na yi haka na cuce ka, gama sauƙin kwana biyu zan ba ka, irin wanda wayarka ke ba ka.

Ka lura da yadda kimiyya take sakewa. A duk labaran nan da na ba ka, ba wanda ya sake domin wani ya kwana yana kuka, ko domin jama'a ba su son abin. Shaida ce ta zo, aka auna, aka sake aunawa, gani ya kori ji. Sa'an nan kuma in ta sake, ba kome take zubarwa ba. Isaac Newton ya buga lissafinsa na tafiyar duniyoyi a 1687. Einstein ya zo da gyara a 1915. Ran 29 ga Mayu 1919 wani masani Bature, Arthur Eddington, ya ɗauki hoton husufin rana a tsibirin Firinsife, can cikin teku kudu da gaɓar ƙasarmu, awon ya goyi bayan Einstein. Amma duk da haka ba a jefar da Newton ba. Har yau da lissafinsa injiniyoyi ke gina gada. Da yawa cikinku kuna tune da ran 29 ga Maris 2006, sa'ad da husufin rana ya ratsa Gana, da wani yanki na ƙasarmu, da Nijar, gari ya yi duhu da hantsi. Tun shekaru kafin ranar masana suka faɗi kwanan wata da sa'a da minti, haka kuwa ya zama. Ilimin da ya iya wannan ba tatsuniya ba ne.

Kimiyya kamar itace take. Akwai gindi da ya daɗe ya yi kauri, akwai rassa, akwai kuma sabon toho da iska ke kaɗawa. Cewa sararin sama yana buɗewa, an auna shi ta hanyoyi da yawa kusan shekara ɗari, yana wajen gindi. Cewa rana tana cin makamashinta, ta yi wajen shekara biliyan 4 da rabi, tana da sauran wajen biliyan 5, shi ma ya kafu. Amma yadda ƙarshen kome da kome zai kasance, wannan toho ne, ana kan bincike. Mai yiwuwa ya sake, mai yiwuwa ya tabbata. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

Ga inda nake so ka kasa kunne sosai. A ce gobe da safe ka buɗe waya ka ga an ce an rushe wannan ra'ayi. Za ka yi barci daren nan. Jibi fa? Ashe ba za ka fara tsoro kada a sake rushe sabon ba? Mutumin da salamarsa ke jiran labarin da zai fito daga ɗakin bincike, ba zai taɓa hutawa ba, gama ɗakin bincike ba ya rufewa. Ba a kafa turke a bayan mota. Kimiyya tafiya take yi, aikinta ke nan, ba laifinta ba ne. Laifin na wanda ya ɗaura akuyarsa a jikinta ne yana so ta kwanta ta yi tuƙa.

Firist ɗin nan Lemaitre ya gane wannan fiye da yawancinmu. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a gaban taron masana, ya yi magana kamar sabon ilimin nan ya zama shaidar halittar da Littafin Farawa ya faɗa. Za ka zaci Lemaitre zai yi murna, tun da ra'ayinsa ne shugaban ɗariƙarsa ya yaba. Bai yi ba. Ransa bai kwanta da abin ba, ya kuwa nemi a daina haɗa su haka. Dalilinsa shi ne, ra'ayin kimiyya abu ne da ake gwadawa, ana iya gyara shi gobe, bai kamata a jingina bangaskiya gare shi ba ko da yau yana goyon bayanka. Ka duba mutumin da ya ƙi jingina bangaskiyarsa ga ra'ayin da shi kansa ya kawo. Ya yi lissafinsa da iyakar gaskiya, ya yi sujadarsa da dukan zuciya, bai kuwa ga cewa ɗaya zai cinye ɗaya ba.

Mu ma masu bi sai mu yi tawali'u, gama fahimtarmu ta Littafi ta sha gyara. A 1633 hukumar ikkilisiya a Roma ta hukunta Galileo domin ya koyar cewa duniya ce ke kewaya rana. An kafa masa hujja da ayoyi, har da labarin tsayawar rana a Littafin Joshuwa sura 10. Yau ba mai bi da bangaskiyarsa ke girgiza domin duniya tana juyawa. Maganar Allah tana nan yadda take, karatun mutane ne ya gyaru. Tun kafin wannan da shekara fiye da dubu, Agustin, bishop na birnin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ɗan Afirka kamarmu, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi gargaɗi cikin sharhinsa na Littafin Farawa. Ya ce abin kunya ne mai bi ya riƙa faɗin shirme a kan taurari da halittu yana cewa Littafi ne ya faɗa, gama wanda ya san abin zai yi dariya, ya kuma ƙi sauraronmu sa'ad da muka zo maganar tashin matattu. Na sani a cikin masu saurarona akwai masu ɗaukar kwanaki shida na Farawa kwanaki irin namu, akwai masu ɗaukarsu wata hanya dabam. Dukansu na san masu tsoron Allah a cikinsu. Ban zo raba wannan gardama yau ba. Abin da dukanmu muka tsaya a kai shi ne Allah ne ya yi, da nufi ya yi, bai kuma saki abin da ya yi ba.

Yanzu mu koma wurin mutuminmu na Zabura ta 102, wanda muka bari ido biyu. Ka karanta aya ta 25 zuwa 27 a hankali. Me ya kwantar masa da rai? Za ka yi tsammani zai dubi sama ya ce, ko da ni zan shuɗe, ai rana da taurari suna nan daram. Bai ce haka ba. Cewa ya yi su ma za su shuɗe. Ya kamanta duniya da sammai da rigar da takan tsufa a tuɓe ta a sa wata. Ɗana, abin da malaminka ya faɗa a aji ya firgita ka, cewa sammai ba madawwama ba ne, mai zabura ya faɗe shi tun da daɗewa, shi kuwa a wurinsa ta'aziyya ce. Don me? Domin idonsa na kan mai rigar. Riga ta tsufa, mai ita yana nan, shekarunsa ba su da iyaka. A aya ta ƙarshe kuma ya sauko daga sammai ya koma kan 'ya'yan bayin Allah, cewa za su zauna lafiya a gabansa. Ya fara da kansa shi kaɗai bisa rufin ɗaki, ya ƙare da zuriya a gaban Allah.

Marubucin Ibraniyawa, a sura ta 1, ya ɗauki ayoyin nan ya ce a kan Ɗan ake magana, watau Yesu Almasihu. Wanda ya kafa harsashin duniya shi ne wanda aka haifa a Baitalami, ya ji yunwa, ya yi kuka, ya kwana ido biyu a Getsamani zuciyarsa cike da baƙin ciki, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Littafi bai taɓa yi mana alkawari cewa wannan rana za ta dawwama ba. Alkawarin da ya yi, a wasiƙar Bitrus ta biyu sura 3 da Wahayin Yahaya sura 21, na sabuwar halitta ne. Masani yana gaya maka inda abubuwa suka dosa in sun ci gaba bisa ga yadda ya auna su, yana kuwa da gaskiyarsa a nan. Amma ko Mai halitta zai yi sabon abu, wannan madubin hangen nesa ba ya iya tabbatar da shi, ba ya kuma iya ƙaryata shi. Mu dalilin begenmu kabarin nan ne da aka tarar ba kowa a ciki. Ranar da aka ce sararin sama ba shi da mafari, kabarin ba kowa. Ranar da aka ce yana da mafari, ba kowa. Duk abin da za a auno a shekara mai zuwa ba zai mai da gawa cikinsa ba.

Sauran 'yan shawarwari, irin na uba ga ɗansa.

Na ɗaya, ka raba wayarka da shimfiɗarka. Neman da kake yi da tsakar dare ba karatu ba ne, susar ƙaiƙayi ne, yawan susa kuwa ƙara miki yake yi. In ƙarfe tara ta yi ka ba abokin ɗakinka wayar ya ajiye maka.

Na biyu, kada ka gudu daga karatunka. Ka shige shi sosai, da rana, da littafi da alƙalami. Ka je wurin malaminka ka tambaye shi wane sashi ne ya kafu, wane ne ake kan bincike. Malami na gari zai ji daɗin tambayar. Rashin sani ya fi dare duhu, rabin sani kuma ya fi ba da tsoro. Ikkilisiya tana bukatar 'ya'yanta a ɗakunan bincike, masu auna abu da gaskiya su faɗe shi da gaskiya.

Na uku, ka ci abinci, ka yi barci. Sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a Littafin Sarakuna na fari sura 19, Allah bai fara da yi masa wa'azi ba. Abinci ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi abinci, sa'an nan magana ta biyo. In kuwa bugun ƙirjin nan da rashin barci suka ci gaba, ka je asibitin makaranta ka gaya wa likita duka yadda ka gaya mini. Damuwa irin wannan takan zama ciwo, tana kuwa da magani. Zuwa wurin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kamar yadda shan maganin gyambona bai zama ba.

Na huɗu, ka koma koyon waƙa ran Asabar ɗin nan. Toma ya yi mako guda yana shakka, amma bai bar taron 'yan'uwa ba, a cikin taron kuwa Ubangiji ya same shi. In bakinka ya kasa rerawa, ka zauna ka ji na waɗansu. Ka kuma sami mutum ɗaya, fastonka ko wani dattijo mai riƙon asiri, ka buɗe masa cikinka. Game da mahaifiyarka kuwa, ina ganin ka rena ƙarfinta. Matar da take tashi tun asuba ta hura wuta domin ka yi karatu ta san duhu, ta kuma san wanda take kira a cikinsa. Ba sai ka yi mata bayanin taurari ba. Ka ce mata, Mama, raina ba ya kwance, ki yi mini addu'a. Za ka ga abin da zai faru.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwana masu aikin bishara, ina roƙonku. In yaro ya zo da irin wannan tambaya, kada mu daka masa tsawa, kada mu ce Shaiɗan ya shige shi, kada kuma mu ƙaga masa amsar da ba mu tabbatar ba. Yaron da aka kora da tambayarsa ba ya daina tambaya, wurin tambayar kawai yake sakewa. Mu zaunar da shi, mu ba shi ruwa, mu ji shi har ya gama. Wannan saurayi ya yi wata da watanni yana ɗauke da kayan nan shi kaɗai a tsakiyar ikkilisiya, ba wanda ya lura kujerarsa a cikin mawaƙa ba kowa. Wannan ya kamata ya dame mu.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Allahnmu, kai ne ka yi sammai, kai ne kuma za ka kasance sa'ad da suka tsufa. Mun gode maka domin hankalin da ka ba 'yan adam su bincika aikin hannunka. Ka ba masu bincike gaskiya da tawali'u, mu ma ka ba mu. Muna kawo ɗanmu wanda ya rubuto wannan wasiƙa a gabanka, da dukan waɗanda ke kwance ido biyu a daren nan. Ka san sunansa ko da ba mu faɗa ba. Ka kwantar masa da zuciya, ka ba shi barci, ka komo masa da daɗin abinci da daɗin waƙa. Ka albarkaci mahaifiyarsa da aikin hannunta. Ka sa ya gama karatunsa lafiya, ya zama mai amfani ga ikkilisiya da ƙasa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Ɗana, ka sake rubuto mini bayan wata ɗaya in ji yadda kake. Jama'a masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.